Hula Ɗaya, Kai Biyu

"Kada ki rufe ido, Yai. Ki zage ni ma in kin ga dama, amma kada ki rufe ido."

Sawai yana tuƙa kwalekwalen da iyakar ƙarfinsa, gumi na gangarowa daga ƙarƙashin hularsa yana shiga masa ido. Tsohuwar tana kwance a kan tabarma a tsakiyar jirgin, ƙafarta ta hagu ɗaure tamau a ƙasan gwiwa da tsumman da ya yago daga ɗamararsa. Saran yana saman idon sawu, ɗigo biyu kacal, kamar sukar ƙaya. Gamsheƙa ce. Ya gan ta da idonsa tana sulalewa cikin ciyawa lokacin da ya tsallako daga gonarsa saboda ihun da ya ji. Ɗanta Chuen yana can injin casar shinkafa, surukarta ta ruga kiransa, shi kuwa bai tsaya jiran kowa ba.

"Tuƙinka kamar na ubanka," in ji Yai Fueang, wadda kowa ke kira Yai, wato kaka. Harshenta ya fara nauyi. "Hayaniya da yawa, tafiya kaɗan."

"Yauwa. Ci gaba."

Gada ɗaya ta katako ce tsakanin gidanta da nasa, a bakin wani rafi na Nonthaburi, kusa da Bangkok. Ita ce ungozomar da ta yanke masa cibiya da tsinken gora shekara talatin da huɗu da suka wuce, ita ce kuma ta karɓi haihuwar 'ya'yansa uku. Gashinta fari fat, aske gajere irin na matan da, haƙoranta baƙi wuluk saboda taunar mak, goron nan nasu da ake naɗewa cikin ganye da ɗan farar ƙasa, wanda ke rina yawu ja. Tun tana budurwa take taunawa.

Saboda Sawai ya fi kowa iya karatu a unguwar, mai unguwa ya ɗauke shi mataimaki, aka ba shi hula mai ruwan ƙasa daga gunduma. Tun kafin sojojin Japan su shigo takardu suke zuwa daga Bangkok, shi kuma yana karantawa a bakin kasuwa. Kowa ya miƙe tsaye da ƙarfe takwas in an ɗaga tuta. Mata su daina cusa zane ta tsakanin ƙafafu, su sa siket. A ci abinci a kan lokaci, a kwanta a kan lokaci. Miji ya sumbaci matarsa kafin ya fita aiki. Ranar da ya karanta wannan, masu kifi sun yi dariya har da riƙe ciki. Kada kowa ya fita ba hula, domin Shugaba ya ce hula ce za ta kai ƙasa sahun manyan ƙasashe. Sawai ba mugu ba ne. Wani lokaci ma yana ganin akwai gaskiya a ciki, don shi ma ba ya son baƙi su riƙa kallonsu kamar mutanen daji.

Yai Fueang kuwa ta ce, "Kaina ba tukunya ba ne da za a sa masa murfi." Daga ranar ba ta sake zuwa kasuwa ba.

Sai takardar mak ta zo: a daina tauna, a sare itatuwan. Sawai ne ya bi gida gida da masu gatari. Guda goma sha biyu mijinta ya shuka mata kafin ya mutu. Ta zauna a kan matakala tana kallo ana kayar da su ɗaya bayan ɗaya. Ta goma sha biyun tana can ƙarshen gona, bayan tsohon kwalbati, duhuwar gora ta rufe ta, ganyen taunawar ma ya naɗe jikinta. Sawai ya gan ta sarai. Ya juya ya ce wa masu gatari an gama.

Da zai wuce ta ce, "Idonka ya fara lalacewa, ɗan nan."

"Tsufa ne, Yai."

Wata takwas yana riƙe da wannan a zuciyarsa a matsayin alherin da ya taɓa yi. Duk safiya tana ratsa ciyawa zuwa wurin, ta kuma hana ɗanta nome hanyar, don in an nome za a gane akwai abin da ake zuwa nema. A cikin ciyawar nan macijin yake.

Ya ɗaure jirgin a matakalar asibitin gunduma, ya sungume ta. Ba ta fi nauyin damin kara ba. Fatar idonta ta sama ta fara saukowa, tana ƙoƙarin ɗagawa tana kasawa. Ya hau da gudu, ya wuce mai taliyar da ke bakin titi, ya wuce layin mutanen da ke jiran a kira su, kowa da hularsa. Daga ƙofar shinge zuwa barandar asibitin bai fi taku arba'in ba, yana hango fararen riguna suna kai da komowa.

Maigadin ya gicciya sandarsa.

"Tsaya, Phi Sawai. Ina hularta?"

Sawai ya dube shi. Prayun ne, ɗan mai saƙar tabarma na ƙetaren rafi, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, cikin kakin da ya yi masa yawa. Phi yake ce masa, wato yaya.

"Maciji ne ya sare ta. Matsa."

"Na gani, Phi. Amma ba hula, ba shiga."

"Prayun, Yai Fueang ce. Ita ta ciro ka daga cikin uwarka."

"Na san ta." Ya yi ƙasa da murya, ya karkata kai wajen wani ɗan sanda da ke tsaye a inuwar bishiya, taku goma daga wurin, riƙe da ƙaramin littafi. "Mai duba aiki yana ciki tun safe. Wanda na gada a ƙofar nan, mace mai naƙuda ya bari ta shiga kai buɗe. Ka san inda yake yanzu? Ni ma ban sani ba. Kai fa ka karanta mana dokar nan, Phi. Ina tsaye a gabanka ranar."

Sawai ya juya ga layin. "Jama'a, wani ya ara mana hula. Yanzu zan dawo da ita."

Babu wanda ya motsa. Wani dattijo mai tari ya kai hannu gefen hularsa, ya dubi ɗan sandan, ya mayar da hannun kan gwiwa. Wata mata mai goyo ta sunkuyar da kai. Wanda ya cire tasa ya zama shi ne marar hula a bakin ofishin gwamnati, sunansa ya shiga littafi, layinsa kuma ya tafi. Sawai ya san haka fiye da kowa. Sakin layi na uku ne a takardar.

Ya durƙusa, ya jingine ta da ginshiƙin ƙofa, ya cire hularsa. Cikin hular ya jiƙe sharkaf da gumi. Sai hannunsa ya tsaya a sama. Tun da aka haife shi bai taɓa miƙa hannu ta saman kan babba ba, balle ya taɓa shi. Ko wucewa zai yi ta gabanta in tana zaune, sai ya rusuna don kada kansa ya fi nata tsawo. Ya ajiye hular a cinya, ya haɗa tafukan hannunsa ya kai goshi.

"Ki yafe mini, Yai. Zan taɓa kanki."

Ta ji shi. Ta ɗago hannun dama da ƙyar, ta kare kanta da shi. Bakinta ya motsa, yawu ja na zubowa ta gefe ɗaya. Ya kai kunne.

"A'a," ta ce. "Kai ni gida."

"Allura ɗaya ce, Yai. Ga su can."

"Gida."

Ya kama hannun nan ya sauke shi. Ba ta da ƙarfin da za ta hana, amma ya ji yadda ta yi ƙoƙari. Ya kifa mata hular, ta faɗa har kan girarta. Daga ƙarƙashin bakin hular, ta ɗan abin da ya rage na buɗewar idonta, ta dube shi.

Ya ɗauke ta ya miƙe. Sandar tana nan a gicciye.

"Phi…" Prayun yana kuka yanzu, hawaye na sauka kan kakinsa. "Kai kuma fa?"

Sawai bai gane ba da farko. Sai ya ji zafin rana a tsakar kansa.

"Ka ajiye ta a nan, in an fito da gadon ɗaukar marasa lafiya…"

"Je ka kira su!"

"Ba na barin ƙofa."

Ɗan sandan ya buɗe littafinsa, ya lashi bakin fensir, bai matso ba. Numfashin tsohuwar ya koma gajere, kamar mai shan miya mai zafi.

"Kai, yaron mai unguwa! Ungo!"

Mai taliyar ce, wata ƙatuwar mata mai murya kamar ta namiji. Ta fizgo murfin saƙa mai tsini da take rufe nama da shi saboda ƙuda, ta tako ta kifa wa Sawai a kai da ƙarfi har ya rufe masa kunne. Ɓawon tafarnuwa ya zubo masa a kafaɗa. Ta juya ga Prayun, hannu a ƙugu.

"Mene ne wannan a kansa, ɗan samari? Faɗi da ƙarfi, mai fensir ya ji."

Prayun ya dubi murfin, ya dubi ɗan sandan. "Hula ce."

"To janye sandar uwarka."

Taku arba'in ne. Sawai ya ƙirga su daga baya sau da yawa, ya kasa tuna a na nawa ne jikinta ya canja a hannunsa. Abin da ya sani kawai shi ne ta fi nauyi lokacin da ya isa baranda.

Likitan ya fito da sauri, wani siririn mutum mai tabarau. Abin da ya fara yi shi ne fizge hular daga kanta ya jefar a ƙasa.

"Wane marar hankali ne ya toshe mata fuska? Ku ba ta iska."

Ya ɗaga fatar idonta, ya sa abin sauraro a ƙirjinta, ya daɗe. Sannan ya miƙe, ya cire shi daga kunne. Ma'aikaciyar da ta taho da allura a faranti ta tsaya cak.

"Likita," in ji Sawai, "da a ce ban tsaya a ƙofa ba…"

Likitan ya dubi murfin da ke kansa, ya waiga ofishin da ke bayansa inda ake jin muryar mai duba aikin yana dariya. "Saran gamsheƙa ba shi da tabbas," ya ce. "Wani ya kai yamma, wani ko awa ba ya yi. Ban sani ba." Ya juya ya shige.

Rana ta karkata lokacin da aka shimfiɗa ta a tsakar ɗakinta, an yi mata wanka da ruwan kurkum, hannun damanta a miƙe kan matashi don kowa ya zo ya zuba masa ruwa ya nemi gafara. Da layi ya zo kan Sawai, ya ɗauki ƙoƙon ya zuba. Hannun da ya sauke ne. Ya buɗe baki, kalmar ta ƙi fitowa.

Chuen ya ja shi gefe, bayan randunan ruwa. Idonsa ya kumbura. Bai tambayi abin da ya faru a ƙofa ba. Labari ya riga jirgin isowa.

"Phi, ba za a rufe bakinta haka ba. Kakata da mak a baki ta tafi, babana ma haka. Na tambayi gida shida, kowa ya ce babu. Ko akwai ma, ganinka a nan…"

"Jira ni."

Ya bi ta bayan gida da sanda a hannu yana bugun ciyawa. Ƙaramin kwandonta yana nan inda ya faɗi a gindin bishiyar, ganye biyar a jere yadda take jera su, 'ya'yan mak biyu, da wuƙarta mai ƙotar ƙaho. Ya kwaso. A ƙarƙashin gidan, tsakanin ginshiƙai, ya zauna da ɗan turminta na tagulla, ya naɗe shi da tsumma don kada ƙarar ta kai rafi. Mata uku da ke dafa wa masu zaman makoki shinkafa suka gan shi, suka juya masa baya suka ƙara ƙarfin hirarsu. Ya daka har ya yi laushi yadda take so tun da turamen haƙoranta suka zube. Chuen ya karɓa a ganye ya hau da shi.

Daga bakin ruwa aka ƙwala kira. Mai unguwa ne a jirginsa, bai sauko ba. Nai, wato Malam, yake ce masa in magana ta aiki ce.

"Nai Sawai! Sabuwar takarda ta zo, a kan kayan da za a sa in za a raka gawa. Gara ka karanta musu yau, tunda ga su a tare. Ina hularka?"

Tana cikin kwalekwale, inda ma'aikaciyar asibiti ta ajiye masa ita kusa da murfin mai taliya. Sawai ya sauka matakala ya ɗauko ta. Yatsunsa sun bar jan tabo a bakin hular. Ya juya ta zai sa, sai ya ga wani abu manne da zufar cikinta: gashi ɗaya, fari, gajere, bai kai tsawon gaɓar yatsa ba.

"Nai Sawai?"

Ya zauna a kan matakala ta ƙarshe, ƙafafunsa cikin ruwa, hular a buɗe kan gwiwarsa. A sama, ana ci gaba da zuba ruwa a hannunta, yana ɗiga ta tsakanin katakon daɓe.