Kaka a Tsallaken Titi

Ƙarar birki ce ta fara shigowa ɗakin, sannan ihun mutane.

Kaka na tsaye a taga, hannunta a sama, ta kasa sauke shi. Can ƙasa a tsakiyar titi jikanta ne durƙushe a gaban wata motar ɗaukar kaya, jakar makarantarsa ta yi gefe. Direban ya diro yana salati yana zagi a haɗe. Yaron ko ƙwarzane bai yi ba. Ya miƙe, ya ɗaga kai, ya yi mata dariya.

Tun da ɗanta ya rasu, surukarta ta kama shagon ɗinki mai ɗaki a baya a tsallaken titi, Kaka ta rage ita kaɗai a saman bene, daga ita sai rediyo sai ciwon gwiwa. Titin kuwa hannu biyu ne, motoci na gudu kamar an koro su. Akwai gadar sama ta masu tafiya a ƙasa, amma tana can gaba, kuma matakalarta ta fi ƙarfin Kaka. Taga ce kaɗai ta rage mata. Kullum motar makaranta ta sauke yaron a bakin shagon, sai ta ɗaga masa hannu, shi ma ya ɗago. Yau sai ta ƙara da nuna masa wata 'yar motar roba ta mahaifinsa da ta gani a ƙasan akwati.

Ba a jima ba surukar ta hau benen tana haki, zare manne a zanenta.

"Mama, don girman Allah ki daina tsayawa a tagar nan."

"Hannu kawai na ɗaga masa, 'yar nan."

"Ai hannun ne ya kira shi! Yaro ne, Mama. In ya gan ki ba ya ganin mota. Shi kaɗai ya rage mini."

Kaka ta so ta ce ita ma haka ne, amma ta haɗiye. Da kanta ta ja labulen.

Kwanaki suka wuce ɗakin na duhu. Ta san kukan motar makarantar kamar yadda ta san tarin marigayi mijinta. Da ta ji shi sai ta zauna a bakin gado, ta ba taga baya, ta ƙara wa rediyo murya. Takan dafa abinci ta bar shi a tukunya har ya huce.

Ranar da zuciya ta ci ta, ta ɗan ɗaga gefen labulen da yatsa ɗaya.

Yana tsaye a bakin titi, ba jaka, idonsa ƙyam a kan tagarta. Uwarsa na ciki, ta sunkuya tana auna wata mata. Nan take Kaka ta gane abin da ke ransa. Rabon da labulen nan ya wuni a rufe tun makokin mahaifinsa.

Ya sauke ƙafa ɗaya kan kwalta.

Ta fizge labulen har sandarsa ta faɗo. "Maigida! Kada ka motsa!" Haka take kiransa tun yana goye. Ƙugin motoci ya haɗiye muryar. Ya gan ta, fuskarsa ta washe, ya sauke ɗaya ƙafar. Ta ware tafin hannu ta tura gaba da ƙarfi: tsaya! Ta nuna ƙirjinta, ta nuna gada, ta nuna shi. Ya yi jim, ya ja da baya.

To ga matsala: in za ta je wurinsa, dole ta bar tagar. In ta bar tagar, ba ta ganinsa, shi ma ba ya ganinta.

Ta fita ko ƙofa ba ta rufe ba. Ta sauka benen dafe da bango. Ta bi gefen titi tana jan ƙafa, ta wuce mai faci da ke tambayarta ko lafiya. A matakalar gada gwiwarta ta ce ba ta san zancen ba. Ta kama ƙarfe da hannu biyu, ta riƙa jan jikinta sama, kunnenta na jiran ƙarar birki.

Daga saman gadar ta hango shi, ɗan mitsitsi. Ya gaji da kallon tagar da ba kowa, ya sake matsowa bakin kwalta.

"Maigida! Ga ni nan!"

Wannan karon ya ji. Ya waiwayo, ya sheƙo da gudu ta gefen titi, ya tarbe ta a gindin gadar, ya cusa kai cikin zanenta.

"Kaka, na ɗauka kin mutu."

"In mutu in bar wa wa kai? Miji guda gare ni, shi ma yana neman ya shige ƙarƙashin mota." Ta riƙe kunnensa. "Saurara. Ko ni ka gani a tsallake, ko uwarka, ko wa ka gani, ba ka sauka kan titin nan sai hannunka na cikin na babba. Mata ce ke zuwa gidan miji. Ka ji?"

"Amma ba kya sauri."

"Sai ka koyi jira, mara kunya."

Surukar ta iso, tef rataye a wuyanta. Ta dubi yaron, ta dubi ƙafafun Kaka da suka kumbura, babu takalmi. Ta koma ta fito da kujera, ta ajiye a ƙofar shago.

"Gobe ma zan fito da ita, Mama."

Da yamma surukar ta ce za ta raka ta. Kaka ta ƙi, don ta san yaron zai biyo bayansu. Ita kaɗai ta sake hawa gadar, tana hutawa tana ci gaba. A ɗaki ta ɗora ruwan zafi, ta gasa gwiwoyinta da tsumma, sannan ta lalubo takalmanta daga ƙarƙashin gado ta jera su a bakin ƙofa.