Taku Bakwai Zuwa Kabarin Inna

Shekara uku ke nan kwazazzabon da ke bayan cocin ƙauyensu Asta, can gefen Gude, yana cin ƙasa kamar gara. Ya cinye gonar wake, ya kayar da darbejiya biyu, yanzu saura taku bakwai ya kai kabarin mahaifiyarta. Da ƙafarta ta auna, ranar da ta dawo daga karatun aikin gona.

Ran Lahadi bayan sujada ta miƙe ta roƙi a kira gayya, a jera buhunan yashi, a dasa ciyawar jema mai riƙe ƙasa kafin damina ta sauka.

Baba Ɗanladi, dattijon ikilisiya, ya gyara zama. "'Yar nan, ba ki san zancen ba. Marigayi Fasto, wanda ya raɗa miki suna, a wurin nan ya tsaya ya ce ruwa zai ci maƙabartar. Lokacin ko tsagi babu a ƙasa. Ga maganarsa tana cika a idonmu. Mu tare ruwan, mu ƙaryata bawan Allah?"

"Baba, ya ce ruwa zai zo. Ya ce ku naɗe hannu?"

"Abin da Ubangiji ya riga ya sani, buhu ba ya hana shi."

"To a daina shan maganin hawan jini mana, tunda ya san ranar kowa."

Matan zumuntar coci suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Gayya dai ba a kira ba.

Asta ta fita ranta na tafasa. Mutanen nan sun ɗauki annabci sun shimfiɗa shi tabarma sun kwanta. Ai wanda aka nuna wa yunwar shekara bakwai na tafe, rumbu ya tashi ya gina.

Ta tafi kasuwar Kabo ta sayo tsofaffin buhunan taki, ta ari kurar turawa, ta shiga ɗibar yashi ita kaɗai. Kwana tara tana yi har tafinta ya yi kanta. Baba Ɗanladi ya zo wucewa a kan kekensa.

"Sannu da aiki, malamar gona. Ana kokawa da sama?"

"A'a, Baba. Wanda ya san ruwa zai zo, ya san Asta ma za ta zo."

Ruwan farko ya sauka da ƙarfi, ya kwashe rabin buhunan. Da safe ta auna: taku huɗu. Ta tsaya cikin taɓo tana kallon tudun kabarin, sannan ta sunkuya ta jawo buhu ta sake farawa.

Ba ta ji isowar Baba Ɗanladi ba. Ya jingine keken, ya daɗe yana duban aikin, ya dubi kabarin Innarta da na matarsa da ke bayan kabarin.

"Wa ya koya miki jera buhu bakinsa na kallon ruwa? A makarantar? Ki naɗe bakin ƙasa, ki danne, a sarƙa su kamar tubali. Haka muke tare ruwa a fadama tun ba a haifi uwarki ba."

Ta ɗago. "Ashe ana tarewa."

"Ban ce annabci ba zai cika ba," in ji shi, yana naɗe ƙafar wando. "Cewa na yi buhunki a karkace yake. Miƙo shebur ɗin nan."