Kalmar Farko ta Jikana

Jikana ya shekara biyu bai ce ko "Mama" ba. Uwarsa, 'yata, ma'aikaciyar jinya ce, tun safe take fita, sai yaron ya wuni a shagon ubansa mai gyaran fanka da rediyo.

Surukin nan nawa da can bakinsa ba ya hutawa. Tun da aka haifi yaron ya koma kamar rediyon da aka zare wa batir. Zai zauna da sukundireba a hannu yana kallon bango. Yaro ya tsinto murfin kwalba ya kawo masa, ba zai ɗago ba. In ya ja masa wando, sai ya ture ɗan hannun a hankali ya ce, "Bari."

Muka kai yaron asibiti. Likita ta duba kunne, ta duba harshe, lafiya lau. Ta tambaya wa ke masa hira da rana. Ta daɗe tana duban uban, sannan ta ce ciwon damuwa yana kama maza ma bayan haihuwa, yaro kuma daga bakin manya yake ɗaukar magana. Ta ce uban ya dawo a duba shi.

Da muka dawo gida sai ga yayan surukin nawa, mai koyar da tuƙin mota, sarkin sani.

"Shi ya yi naƙudar?" in ji shi. "Ƙanena ba mahaukaci ba ne. Ya ware kawai, namiji ne."

Na ce, "Sannu, likitan birki."

Ya hana shi komawa, wai abin kunya ne ga zuri'a. Zuri'ar me, don Allah? Maganinsa shi ne wayar roba mai waƙa da ƙirge. Ya damƙa wa yaro yana hura hanci kamar ya gina asibiti. Yaron ya kife wayar a ƙasa, ya koma gefen ubansa ya zauna yana kallon bango.

Ran nan na kai musu abinci, sai ga likitan birki ya zo ganin aikin maganinsa. Ya tsuguna ya jawo yaron. Yaro ya ture masa hannu a hankali, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Bari."

"Kun ji ko! Ya yi magana!" Sakaran har da tafi, yana jiran a yaba masa.

Uban ya ajiye sukundireba. Ya san muryar wa ya ji. Ya juyo gare ni, idanu jajir.

"Inna, wace rana likitar ta ce in dawo?"