Linzamin Gidansu

Nas ta ɗora jaririn a kan sikeli, ta duba, ta ɗauke shi ta sake ɗorawa. Maijego, uwar jaririn, ta matso tana leƙen sikelin. Mako uku da haihuwa, yaro sai ramewa yake. Ya kama nono ya saki, ya tsandara kuka, ita kuma zafi ya sa ta ciji leɓe.

"Ai na faɗa!" in ji Inna, uwar mijinta, tun nas ba ta ce uffan ba. "Nonon nan ba ya ƙosarwa. Yau da ɗan angona zan koma gidana, in sa shi a madarar gwangwani. Jiya na sayo bulumboti."

Har da ɗago bulumbotin daga jaka, don duk matan da ke layi su shaida. Maijego ta dubi mijinta, Tela, ko zai ce wani abu. Ina! Yana tsaye rungume da kwandon kayan jariri, baki a sake kamar kullum. Haushi ya turnuƙe ta, ga tsoro, don ta san Inna in ta ce za ta yi, to ta yi ta gama.

Nas ta tura su wurin Likita, wata mace gajeriya, ba ta da hayaniya. Ta ce a ba yaro nono ta gani. Ta yi ta kallo, sannan ta sa yatsa ta ɗaga harshensa.

"Yana barci baki buɗe?"

"Ƙwarai kuwa!" Inna ta cafe, fuskarta har ta washe. "Wannan ai tambarin gidanmu ne. Ubansa haka, ni haka, mahaifina ma haka. Ranar da aka haife shi, ina ganin bakin nan na ce namu ne, ba musu."

"Linzami ne," in ji Likita. "Kun ga 'yar fatar nan a ƙarƙashin harshe? Ita ta ɗaure shi. Ba ya iya ɗagawa ya tsotsa, ba ya kuma iya kwanciya a jikin ganɗa, shi ya sa bakin ke sakewa. Nono lafiyarsa ƙalau. Yakan bi jini kuma. Malam, ɗaga harshenka ka taɓo sama."

Tela ya aje kwando, ya yi ta fama har jijiyar wuya ta tashi. Harshe ya ce bai san zancen ba.

"Dama zare ma da leɓe nake jiƙa shi," ya ce a hankali. "Na ɗauka kowa haka yake."

"Mama, ke fa?" Likita ta juyo kan Inna.

"Ni? Ni ba duba ni aka zo yi ba!"

"Daure dai."

Inna ta juya wa surukarta baya, ta fuskanci bango, ta buɗe baki. Likita ta leƙa da 'yar fitila, ta kashe, ta gyaɗa kai. Maijego ta sunkuyar da kai tana gyara zanen goyon da babu abin da ya same shi, tana danne dariya.

Yankan bai kai a ce wani abu ba. Nas ta naɗe yaro a tawul, Likita ta sa ɗan almakashi, ƙyas, ɗigon jini biyu. Tela kam, mutumin da ya shekara goma sha biyar yana wasa da almakashi, sai da aka zaunar da shi a benci ana yi masa fifita da katin asibiti.

Aka miƙo yaro yana tsala ihu. Maijego ta sa shi a nono. Ya lalubo, ya kama, ya riƙe gam. Ba zafi. Tana jin ƙut, ƙut, yana haɗiya, sai hawaye suka zubo mata, ta bar su suna zuba.

Likita ta nuna mata yadda za ta riƙa ɗaga harshen da yatsa kullum don kada ya sake mannewa, ta ce su dawo awo bayan mako guda.

A motar komawa gida, su uku suka matsu a kujerar baya. Yaro ya ƙoshi, ya yi barci, leɓɓansa a haɗe ruf. Inna ta daɗe tana leƙensa, ta karkata kai nan, ta karkata can.

"Sun ɓata min yaro," ta ce cikin ƙunƙuni. "To yanzu da wa yake kama?"

"Hancin naku ne, Inna."

"Hanci!" Ta ja tsaki. Can ta zaro bulumbotin, ta cusa a kwandon da ke kan cinyar Tela. "Ungo, ka riƙa zuba man keke a ciki."

Tela bai ji ba. Tuni barci ya kwashe shi, kai a jikin taga, baki hangame. Ba a wuce tasha biyu ba Inna ma ta bi sahu. Maijego ta dubi na dama, ta dubi na hagu. Ta miƙa yatsa ta tura haɓar mijinta sama, bakin ya rufe, ya sake buɗewa. Sai ta ƙyale shi, ta gyara wa ɗanta hula.