Matar da Ta Kasa Faɗin Sunan Yaron

Tun shigowarta ofishina hankalina bai kwanta da ita ba. Ni Hafiza, aikina ba da shawara a wani ƙaramin asibiti da ke Unguwar Sarki, kuma na ga mutane iri-iri. Mai damuwa ta gaske idan ta shigo, ƙasa take kallo. Wannan kuwa kujeruna take bi da ido, kamar tana neman wadda wani ya saba zama a kai.

Ta ce sunanta Hajiya Turai, daga Kurmin Mashi. Wai ɗan maƙwabciyarta ne ke zuwa wurina, ita kuma tausayi ne ya kawo ta. Tausayi fa! Na ce a raina, to, an sake turo wata ke nan. Don ko makon jiya wani mutum mai tsadaddiyar shadda ya zo da irin wannan zaƙin baki, yana son jin abin da Ashiru yake gaya mini. Baffansa ne. Haka na sallame shi bai samu ko kalma ɗaya ba.

Ashiru saurayi ne, ɗan fari a gidansu. Tun yaye aka kai shi wajen kakarsa mai sayar da tuwo a bakin Babbar Kasuwa. Ya tashi cikin mata, ya iya tuƙi, maganarsa a sanyaye. Tun yana firamare yara suka laƙaba masa ɗan daudu, da ya girma kuma abokai suka matsa masa ya je wajen matan banza ya nuna musu shi namiji ne. Ranar da ya fara zuwa wurina, ya daɗe yana murza hularsa kafin ya ce shi kansa bai san ko shi wane ne ba, abin da yake ji a jikinsa da abin da mutane suka cusa masa duk sun cakuɗe. Ban sa masa wani suna ba, ban kuma yi masa faɗa ba, masu faɗan sun ishe shi. Duk Alhamis muke zama muna ware maganar mutane daga tasa, kamar tsintar tsakuwa a shinkafa. A ɗakin nan kaɗai yake buɗe baki. Baffan kuwa ya rantse, muddin ya tabbatar da zarginsa, sai ya kai shi gidan da ake sa wa mutane mari a ƙafa.

Don haka da Hajiya ta tambaye ni ko har yanzu ranar Alhamis yaron yake zuwa, sai raina ya ɓaci. Na ce mata ni ba na hira a kan wanda ba ya nan, idan tata damuwar ta kawo, bismillah. Ba ta ji haushi ba. Ta ci gaba da siffanta shi: dogo, da tabon ƙuna a bayan hannun hagu, ba ya cin yaji, idan yana cikin damuwa yakan murza hula. Maƙwabciya ce ta san duk wannan? Wa za ta yi wa wayo?

Na ce, "Hajiya, ya sunan yaron?"

Sai ta sunkuyar da kai. Ta ce yaron nan dai, ɗan wajen tsohuwa. Na sake tambaya, ta ce ai na san shi. Maƙwabciya da suna take farawa. Mace ɗaya ce a duniya za ta san tabon hannunsa amma ta kasa furta sunansa, wato wadda kunyar ɗan fari ta ɗaure wa baki. Gane hakan bai sanyaya mini rai ba, tsoro ma ya ƙara mini. Wa ya fi uwa sauƙin aike? A gida ɗaya suke da baffan.

Na miƙe zan buɗe mata ƙofa, sai ta kama bakin mayafina.

"'Yata, ban zo jin komai ba. Kada ki bari ya zo ranar Alhamis. Baffansa zai jira shi da mota a bakin asibitin nan, na ji su suna shiryawa."

Na tambaye ta me ya hana ta gaya masa da kanta. Ta ce tun haihuwarsa ba ta taɓa zama da shi su biyu ba, idan ya gaishe ta ma bango take kallo ta amsa. Yau idan ta kira shi ɗakinta, kafin la'asar gidan duk ya san akwai magana.

Na tsaya ina kallonta. Wallahi har lokacin ban gama yarda ba, don ko da kai na gyaɗa, na tabbatar musu ke nan yana zuwa wurina. Na ce, "Hajiya, ban san wanda kike nufi ba. Amma ranar Alhamis ofishin nan a rufe yake, ina da biki."

Ta saki mayafina, ta yi hamdala a hankali. Har ta kai ƙofa sai ta tsaya, ba ta juyo ba.

"In kin ga wanda ba ki sani ba ɗin, ki ce wa Ashiru," muryarta ta karye a kan sunan, "ni na haife shi, kuma ban taɓa da-na-sani ba."

Sai da na daina jin takunta sannan na ɗauki waya na kira Ashiru.