Ba Idon Baba Ba Ne

A layin masu gyaran waya da kwamfuta Injiniya ake ce masa, kuma ya fi waɗanda suka laƙaba masa sunan yarda da shi. Ya iya aiki, wannan ba a musu. Aibinsa ɗaya ne: in ya ce abu lafiyarsa ƙalau, to ko hayaƙi abin yake fitarwa, lafiyarsa ƙalau.

Mahaifinsa kuwa ya shekara talatin yana buga wa mutane takardu. Yana da ɗan teburi a barandar wani shagon hoto kusa da kotu, inda masu neman aiki da masu ƙorafi da masu yarjejeniyar haya suke samunsa. Da tafireta ya fara, daga baya Injiniya ya haɗa masa wata tsohuwar laftof, tsohon ya koya da yatsu biyu har ya goge.

Sau uku Baba yana kawo laftof ɗin shago da kuka iri ɗaya. "Fuskarta dushewa take yi. Ina cikin rubutu sai ta yi duhu, kamar an rufe mini taga."

Sau ukun nan Injiniya yana ɗora ta a dogon teburinsa yana tsaye, ya bankaɗe murfin har baya, ta haska tar. Ya duba batir, ya jona caja, ya rage haske ya ƙara, bai ga komai ba. A na ukun maƙwabtan shago biyu suna zaune ana hira, shi kuwa mutum ne da ba ya barin magana ta wuce shi in akwai masu sauraro.

"Baba, injin nan ya fi ni lafiya. Ido ne. Shekaru ba ƙarya ba ne."

Aka yi dariya. Baba ma ya yi murmushi, ya mayar da laftof ɗin jaka, ya yi musu sallama.

Daga nan Injiniya ya ɗauki maganar ido ya ɗora a ka. Ya cika kunnen Mama, ya cika na ƙanwarsa Auta, ya kai tsohon wurin likita. Likita ya ce ɗan rauni ne irin na shekaru, tabarau ya wadatar, amma Injiniya kalmar rauni kaɗai ya ji. Da aka yi rashin sa'a Baba ya kuskure kwanan wata a takardar wani mutum, mutumin ya yi ta faɗa a bainar jama'a, sai Injiniya ya yanke hukunci: aikin ya isa haka. Shi da kansa ya ɗauko teburin da kujerar ya kawo gida.

Wata biyu Baba yana zaune. Mutumin da kullum ƙarfe bakwai take yi masa a hanya ya koma sai rediyo da gyangyaɗi, har Mama ta fara cewa shirunsa ya fi ciwon ido damunta.

Wata ranar hutu da hantsi Auta ta zo tana son a buga mata takardar neman canjin wurin aiki. Baba ya fita gaisuwa, Injiniya ya ce kawo, minti biyar ne. Ya zauna a kujerar Baba, 'yar gajera mai ƙafafun katako, ya buɗe laftof ɗin. Da yake kujerar ta yi ƙasa, sai ya jawo murfin wajensa don ya gani da kyau.

Fuskar ta dushe.

Ya tura murfin baya, haske ya dawo. Ya sake jawowa, duhu. Ya kunna tocilar wayarsa ya haska gilashin a karkace, ga rubutun nan dishi-dishi, babu abin da ya ɓace. Ba sai an gaya masa ba. Hoton yana nan, fitilar da ke bayan gilashin ce wuta take yanke mata, saboda siririyar wayar da ta bi ta gaɓar murfin ta cinye, in an lanƙwasa ta a daidai nan sai ta saki. Gyara ne da yake yi kusan kowane mako. Kuma duk baƙon da ya kawo masa irin wannan kuka, tambayarsa ta farko ita ce, nuna mini yadda kake buɗe ta. Mahaifinsa kaɗai bai yi wa tambayar ba.

Auta ta leƙo ta bayansa. "Yaya, kai ma idon ne? In ɗauko maka tabaran Baba?"

Da ta ga fuskarsa sai dariyar ta maƙale mata. Kunya ta rufe shi, irin wadda take sa mutum ya rasa inda zai ajiye hannuwansa.

Washegari ya kwance murfin a shago. Wayar ta tsattsage, sili biyu kawai suka rage. Ɗaya daga cikin maƙwabtan nan ya leƙo ya tambaya laftof ɗin ta waye, Injiniya ya ji bakinsa ya ce, "Ta wani ce." Wannan ƙaryar ta fi komai ƙona masa rai. Cikin kwata ɗaya na awa ya sauya wayar. Daga nan ya bi ta kotu, da fatan ko wurin Baba yana nan. Ya tarar da wata mata da injin buga takardu sabo fil, mutane huɗu suna jiranta.

Ya sami Baba a tsakar gida. Ya durƙusa, ya buɗe laftof ɗin, ya jawo murfin ya tura, hasken bai ko motsa ba.

"Baba, ba idonka ba ne. Waya ce. Ni ne ban duba yadda ya kamata ba. Ka yafe mini."

"Na sani," in ji Baba.

Injiniya ya ɗago kai.

"Ranar da likita ya nuna mini allonsa, har layin ƙarshe na karanta. Kana wurin, waya kake amsawa."

"To me ya hana ka kai ta wurin wani?"

"Wurin wa? Duk a layinku suke. Kafin yamma kowa ya ji cewa abin da ya gagari Injiniya a injin ubansa, wani ya gyara. Ni na ci zamanina. Kai kuwa da sunan nan kake ciyar da 'ya'yanka."

Injiniya ya sunkuyar da kai. Baba ya miƙa yatsunsa biyu ya shafi maɓallan a hankali, bai danna ko ɗaya ba.

"Barandar fa? An ba wani?"

"An bayar, Baba."

Tsohon ya jinjina kai, ya rufe murfin da kansa.

"To ɗora ta saman kabad, kada jikokina su taɓa."