Jirgin Ruwa Ba Ya Jiran Sanda

Ludayi na hannun Hansai, tana dama wa wani mai jaki fura a bakin tashar Batsari, sai ta ga mijinta yana saukowa daga bayan motar Katsina. Mijin nata da teku ta cinye tun kafin damina. Mijin da ta yi wa takaba ta gama, aka yi sadakarsa, aka raba shanunsa.

Ta runtse ido ta buɗe. Yana nan. Ya juya baya yana lalubar ƙarfen motar da ƙafa, irin saukowar nan tasa kamar mai gudun taka ƙwai. Motar cike take da mutanen da Gana ta koro a shekarar, kowa da tabarma da ɗan ƙunshi, duk sun rame sun yi zuru-zuru. Shi kaɗai ne ya yi ƙiba. Har wuya ya ajiye.

Ƙwaryar nono ta kife mata a cinya ba ta sani ba.

"Yero!"

Tun da aka ɗaura musu aure bakinta bai taɓa kama sunan nan ba. Matan ƙauyensu, Tsaskiya, da ke jere da ita suka waiwaya, suka ga abin da ta gani. Wata ta ce, "Fatalwa!" Nan take aka watse, ana tuntuɓe da ƙore, mai jaki ya bar furarsa ya bi su bai san ma abin da ake gudu ba.

Hansai ba ta gudu ba. Gaba ma ta nufa. Ta isa gare shi, ta dube shi daga hula har takalmi, sannan ta ɗaga ludayin ta kwaɗa masa a tsakar ka. Ludayi ya rabe biyu.

"Wayyo! Ke, lafiya?"

"Fatalwa ba ta cewa wayyo," in ji ta. "Ashe kai ne. Innalillahi. Ashe kai ne."

"To da wa zai zama? Ina gajiya, ina gida, ina shanu?"

Shanu. Ta ji kalmar kamar an caka mata tsinke.

Ga yadda abin ya faro. 'Yarsu guda ɗaya, Ramatu, tana aure a Abijan wurin wani mai fataucin goro, ta haihu ta aiko a zo. Suka sayar da bajimi guda suka bi Armaya'u, wani ɗan Batsari da sana'arsa ke nan: ya tara mutanen ƙauye, ya kai su Ikko a jirgin ƙasa, ya sa su a jirgin ruwa ya raka su. Da jirgin ya tsaya a Takoradi ta ƙasar Gana don sauke kaya, Armaya'u ya yi hayar mota ya ce duk mai son ganin gari ya biya, a zaga da shi a dawo da shi. Yero ya ji kuɗin, ya ce wannan ai kuɗin ɗan akuya ne. Ya ce mutumin da ya bi shanu daga Tsaskiya har Zamfara ba ya buƙatar a nuna masa gari ta tagar mota. Hansai kuwa tana kwance, teku ta juya mata ciki, ko kai ba ta iya ɗagawa. Ya shimfiɗa buzunsa kusa da ita, ya ɗora sandarsa a kai, ya sauka.

Jirgi ya yi kuka, ya sake yi, aka janye tsani. Ta yi ihu har muryarta ta dushe. Sai Armaya'u ya zo ya durƙusa gabanta, ya cire hula, ya ce da idonsa ya ga Yero ya taho a guje, ya zame ya faɗa tsakanin jirgi da gaɓa, ruwa ya rufe. Haka ya faɗa mata, haka ya maimaita a Tsaskiya gaban mutane. Aka yanka bajimin garken aka yi sadaka. Ƙannen Yero biyu, Usaini da Hamidu, suka kwashi rabonsu, suka haɗa da na Ramatu wai riƙo. Hansai aka ba ta tumunin takaba: tsohuwar saniya mai nono ɗaya. Nonon da take sayarwa yanzu, saye take yi a hannun matan da a da suke roƙonta.

Ta kama hannun rigarsa. "Ina ka shiga?"

"Gari na shiga mana." Fuskarsa ta washe. "Ke, kin yi asarar gani. Kasuwarsu a zagaye take kamar zobe. Na ga masunta, na ga kifi ya fi maraƙi. Duk da ƙafata, ko anini ban kashe ba. Su na cikin mota me suka gani? Ƙeyar direba."

"Jirgin nake tambayarka!"

"To, da na tambayi zangon Hausawa, sai na faɗa hannun wani Sahabi, asalinsa ɗan Darini, nan kusa da mu. Muna gaisawa ya ce a kawo tuwo. In tashi in bar tuwon mutum? Na ji kukan jirgin sarai. Na ce ai haka direbobi suke, su yi ta hon suna tsoratar da mutane. Ban da haka ma, sandata na ciki. Buzuna na ciki, matata na ciki. Wa ke tashi da kayan mutum ya bar mutum?" Ya girgiza kai, har yanzu abin na ba shi mamaki. "Da na zo, ruwa kawai na tarar. Na yi ta zuwa bakin gaɓa ina jira su gane su juyo. Mutanen nan ba su da tarbiyya."

"Ba ka aiko ba?"

"Na aiko wani mai goro da baki. Ya ce zai biyo ta Katsina. Ni kuma Sahabi ya sa ni kiwon shanun mahauta, ina tara na mota, sai ga kora."

Hansai ta dube shi. Wata huɗu tana ƙunshe a ɗaki, ba kwalli, ba kitso, tana kuka har idonta ya fara hazo, shi kuwa yana can yana ajiye wuya da tuwon Sahabi. Ta ja shi kamar akuyar da ta yi ɓarna, ta nufi rumfar Armaya'u. Kasuwa ta dawo ta biyo su daga nesa-nesa.

Armaya'u na zaune kan kujera, ya tara wasu dattawa masu niyyar tafiya, bai san abin da ke tahowa ba. Hansai ta jiyo shi tun kafin ta ƙarasa.

"Shi ya sa nake cewa, in an sauka kowa ya shiga motata. Arha ba ta ado. Akwai wani Bafulatani na Tsaskiya, Allah ya jiƙansa, ya ce shi da ƙafa zai zaga. Ku tambayi matarsa, tana nan tana tallan nono."

"Ga ta ta zo a tambaye ta," in ji Hansai. "Ga kuma wanda Allah ya jiƙa."

Armaya'u ya ɗago. Goron bakinsa ya faɗo kan rigarsa. Ya yi baya da kujera har ya bugi gungumen rumfa.

"La'ilaha illallahu! Malam Yero?"

"Alhaji, ina wuni? Ina iyali?" in ji Yero, har da ɗan rusunawa.

"Rufe mini baki, gaisuwa ce ta kai ka inda ta kai ka!" Ta juya kan Armaya'u. "Kai, ɗan nan. Dube ni. Da wane idon ka ga ruwa ya rufe shi? Na dama ko na hagu? Nuna mini in tsokale shi."

"Inna Hansai, ki yi haƙuri, na ga wani mai jar hula..."

"Hularsa baƙa ce tun da aka haife ka!"

"Inna, ki tsaya. Mutum ya ɓace a ƙasar da ba ya jin yarensu, me ya rage? Mutuwa ta Allah ce, kowa ya yi haƙuri. Amma a ce ɓata ya yi, sai a ce Armaya'u ya zubar da mutum a hanya. Wa zai ƙara bi na?"

"Au, sai ka kashe shi don kasuwarka ta rayu? Ka zo gidana ranar sadaka, ka ci naman bajiminsa, har ka aika a ƙaro maka hanta! Na gan ka ta kafar zana. Wa zai biya ni takabata? Wa zai mayar mini da hawayena? Kai, ko uwarka ce aka sa ta takabar mai rai, ka yarda?"

Kasuwa ta ɗauki salati. Aka kira Sarkin Kasuwa, wani dattijo mai suna Mani, ya zo yana dogara sanda. Ya dubi Yero, ya taɓa kafaɗarsa, ya janye hannu da sauri. Ya ce shi tun da yake bai taɓa shari'ar matacce da mai rai ba, wannan sai gaban alƙali. A kai ƙara, a kira Usaini da Hamidu, a kawo shaidu biyu su tabbatar mutumin nan yana da rai.

"Shaidu?" in ji Hansai. "Ga shi tsaye yana numfashi kamar sa!"

"Haka tsarin yake. Kuma shi mai dukiya shi zai nema da bakinsa. Malam Yero, kana ƙarar 'yan'uwanka su dawo maka da shanu?"

Yero ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da yatsan ƙafa. Hansai ta san wannan sunkuyon. Kunyar Fulani ce, wadda ta fi yunwa ƙarfi.

"Ni in kai ƙannena gaban alƙali?" ya ce a hankali. "A ce na dawo ina ƙirga abin da suka ci? Abin da ke hannun ɗan'uwa ai bai ɓata ba. In sun ga dama..."

"Ba za su ga dama ba! Usaini har ya fara zancen kai saniyarka Kyalla kasuwa!"

"Kyalla?" Ya ɗago da sauri, sannan ya sake sunkuyawa. "To. Allah ya sa ta faɗa hannu nagari."

Wannan ya fi ganinsa a bayan mota gigita ta. Ta tsaya tana kallonsa. Mutumin da ya ƙi ba da kuɗin ɗan akuya, ga shi zai bar garke guda don kada a ce ya yi rashin kunya. Ta kuma san in labari ya riga su isa Tsaskiya, kafin gari ya waye shanun sun tsallaka daji, a ce ai sun tafi mashekari, can kiwon nesa.

Ta dubi taron. Duk 'yan Tsaskiya da suka ci kasuwa suna nan, bakinsu cike da labari, kuma dukkansu mota ɗaya za su hau, ta Armaya'u, wadda ke tsaye ƙarƙashin bishiyar bedi ana ɗora mata buhuna.

Hankalinta ya dawo jikinta a karo na farko tun da ƙwarya ta kife.

"Sarki, na ji. Alƙali ya sha zamansa." Ta nuna Armaya'u. "Amma wannan, ka kashe mutum ba ka yi masa sutura ba. Yanzu-yanzu ka tashi ka yanko masa farin alawayyo, wanda zai rufe shi har ƙafa."

Aka yi dariya, dariyar da ke fitowa bayan tsoro. Armaya'u ya ga hanyar tsira da arha, ya aika da gudu aka yanko. Ta karɓa ta naɗe ta cusa a hammata.

Sannan ta koma bakin tasha ta tattara ƙorenta, ta ɗaure su a zane, ta kai wa direban motar nan ta Armaya'u mai zuwa Tsaskiya da kanta.

"Ga kayana, ɗora. Zan je in dawo. Kada ka kuskura ka tashi ba ni."

"Haba Inna," in ji direba, "yaushe muka taɓa tashi da kayan mutum mu bar shi? Ko magariba za ki kai, muna nan."

"Allah ya yi maka albarka. Kai kam kana da tarbiyya."

Ta ja Yero suka bi ta bayan mahauta, suka faɗa hanyar shanu wadda ta yanke ta cikin gonaki. Tana gaba yana baya. Aka yi azahar, aka yi la'asar, suna tafe. Shi ne ma yake ta ba ta labarin kwale-kwalen masunta da wani gida mai hawa da ya shiga kyauta. Can ya ce, "Wai ina sandata?"

"Usaini ya gada."

Daga nan bai ƙara zancen kwale-kwale ba.

Rana ta yi ja lokacin da suka hango rugar. Shanu na dawowa, hayaƙi na tashi, ga Usaini da Hamidu tsaye a bakin garke suna ɗaure maruƙa. Kyalla ta ɗaga kai ta shaƙi iska, ta yi wani kuka mai tsawo ta fuskanci inda suke.

Hansai ta tsaya bayan wata bishiyar kuka. Ta warware alawayyon ta yafa masa tun daga ka, ta gyara ta bar fuska kaɗai. Hannunta ya daɗe a kan kumatunsa fiye da yadda gyaran ke buƙata. Da ɗumi. Ta janye.

"Ba ƙara za ka kai ba, ba roƙo za ka yi ba. Tafiya kawai za ka yi, a hankali, har tsakiyar garke. In ƙannenka sun watse, ni zan kwance maruƙa, iyayen su biyo mu."

"Ke, wannan ai ba mutunci. In je wurin ƙannena haka? Aƙalla in tambaye su gajiya, in tambayi..."

"Gaisuwa ɗaya ta cinye mana garke," in ji ta. "Ka ƙara wata, wallahi sai na koma takaba da gaske."

Ta tura shi gaba da tafin hannu.

"Wuce. Kuma matacce ba ya sallama."